SHINGE YA FITO: SHIN GIDAJENMU DA RUMBUNANMU NA CIKIN HAƊARI?



Duk shekara idan ruwan farko ya sauka ƙasa ta jiƙu, akwai wata magana da takan dawo rumfar kara bayan an gama ta farashi da ta kuɗin mota, wato maganar shinge. Ba shingen ƙaya da muke kewaye garke da shi ba, shingen nan mai fiffike da yakan cika bakin fitila bayan magariba, wanda a wasu wurare ake ce wa gina. Da ma mun ɗauke ta maganar yara da mata. Amma abubuwa biyu da suka faru ga 'yan ƙungiyarmu sun sa mun ga ya dace a ba ta fili a wannan takarda.

Na farko, wani ɗan'uwanmu yana kan hanyar kudu da lodin shanu aka bugo masa waya daga gida, aka ce shinge ya rufe tsakar gida, har cikin miya. Shi kuma bawan Allah, da yake bai daɗe da gama rufin ɗaki da katako mai tsada ba, sai ya ce maza a sayo piya-piya a fesa ko'ina. Aka fesa. Da gari ya waye kaji da zabi suka fito suka yi ta tsince matattun ƙwarin, kafin azahar an fara kwasar gawarsu. Allah Ya kiyaye, yaran gidan ba su riga kajin ba.

Na biyun kuwa dillali ne, ya daɗe yana ganin fukafukai zube a ƙarƙashin tagar ɗakin ajiyarsa, ɗakin da ba a kunna fitila, ba a kuma barinsa buɗe. Bai damu ba. Ranar da rigima ta taso kan kuɗin bijimai, ya je ɗauko littafin bashi a cikin akwatin katako, sai ya tarar da ƙasa a madadin takarda. Bango ne kawai ya rage.

To jama'a, ɗaya ya ji tsoron abin da bai kai a ji tsoronsa ba, ɗaya kuma ya yi sakaci da alamar da ta kamata ta tashe shi tsaye. Dukansu biyu rashin sanin ƙwaron ne ya jawo.

MENE NE SHINGE?

Shinge ba wani ƙwaro ba ne na daban. Gara ce, ita dai wadda muka sani. A cikin gidan gara akwai uwa, akwai namijinta, akwai ma'aikata farare masu laushi waɗanda su ne ke cin itace da kara, akwai kuma sojoji masu jan kai da manyan muƙamuƙai, waɗanda a manyan suri muke kira zago. Duk waɗannan ba su da fiffike, mafi yawansu ma ba su da ido. Sai gida ya ƙasaita, ya yi shekaru, galibi ba ƙasa da uku ba, sannan yake fara fitar da wasu 'ya'ya na musamman, maza da mata, masu ido da fukafukai huɗu da jiki cike da kitse. Su ne shinge. Aikinsu ɗaya ne tak: su fita su yi aure su kafa sabon gida.

Sukan shirya tun cikin bazara, su zauna a ƙasa suna jira. Abin da suke jira shi ne ruwa mai nauyi, don jikinsu ba ya jure bushewa, kuma sai ƙasa ta yi laushi za su iya haƙa. Idan ruwan ya sauka, iska ta kwanta, sai ma'aikata su buɗe ƙofofi, sojoji su tsaya gadi, su kuma su yi ta tuɗaɗowa. Gidajen da ke yanki ɗaya sukan tashi lokaci ɗaya, shi ya sa za ka ga kamar an yi musu gangami. Hikimar ita ce, 'ya'yan wannan gida su haɗu da na wancan, kuma yawansu ya fi ƙarfin masu cinsu. Kowane iri da lokacinsa: wasu da la'asar sakaliya, wasu bayan magariba, wasu sai tsakar dare ko asuba.

Mu da ke bin hanya mun fi kowa ganin yadda abin ke tafiya. Wanda ke Ikko ko Ashaiman ta Gana ko Duwala yakan fara ganinsu tun watan Maris ko Afrilu. A Ngaundere ma damina da wuri take. Kano da Maraɗi sai wajen Mayu zuwa Yuni, Damagaram da Tawa kuwa har a shiga Yuli ana gani. Shinge na bin ruwa zuwa arewa kamar yadda garken Fulani ke binsa.

Tashin nasu ba ya daɗewa, ba kuma su da ƙarfin tafiya nesa, 'yan ɗaruruwan mitoci ne sai in iska ta kwashe su. Da sun sauka sai kowa ya karkaɗe fukafukansa su zube. Macen ta ɗaga bayanta tana fitar da wani ƙamshi da mu ba ma ji, namiji ya zo ya manne mata. Wanda duk ya taɓa tsugunawa ya duba ya ga wannan: biyu-biyu suna gudu, ɗaya na bin ɗaya kamar mota da tirelarta. Suna neman ƙasa mai danshi ne. In sun samu sai su haƙa ɗan rami su rufe kansu, daga nan ba su sake ganin rana. Macen za ta yi ta girma har a manyan irin ta kai kusan santimita 10, tana zuba ƙwai da ya kai 20,000 a yini, tana kuma iya yin shekaru fiye da goma a haka, namijin na gefenta.

Amma fa masu kaiwa nan kaɗan ne ƙwarai. Cikin ɗari da wuya ɗaya ya tsira. Tsuntsaye, jemage, kwaɗi, ƙadangaru, tsaka, kaji, tururuwa, da mu kanmu 'yan Adam, kowa na jiran wannan dare. Magabata da suka ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike, ba a banza suka faɗa ba, da ido suka gani.

Saboda haka shingen da fitila ta janyo daga daji ya faɗo a kan daɓen siminti ko tabarma, ba ci ya kawo shi ba. Guzurinsa kitsen jikinsa ne. Ba ya harbi, ba ya ɗauke da wata cuta da aka sani ta mutum, ba ya taɓa azara ko katako a daren nan. In bai sami ƙasa mai laima ba, kafin gari ya waye ko rana ta ɗaga ya bushe ya mutu. Tsintsiya ta ishe shi.

GARA CE KO TURURUWA?

Sai dai ba duk mai fiffiken da ke zuwa fitila ne gara ba. Tururuwa da cinnaka da kiyashi su ma suna fitar da masu fiffike a farkon damina, don dalili iri ɗaya. Mutane na haɗa su wuri ɗaya, alhali ko dangi ba su haɗa ba. Tururuwa 'yar'uwar ƙudan zuma ce da rina. Gara kuwa, binciken da masana suka fitar a 2007 ya tabbatar da cewa daga zuriyar kyankyaso take. Mun san wannan ba zai yi wa masu son soyayyen shinge daɗi ba, amma haka abin yake.

Rarrabe su ba wuya. Kama ɗaya ka haska tocila. In ka ga ƙugu a tsuke kamar an ɗaure da zare, 'yan ƙahonnin kai biyu a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, fukafukan gaba sun fi na baya girma, to tururuwa ce. In ka ga jiki santal babu ƙugu, ƙahonni a miƙe kamar ƙananan duwatsun carbi, fukafukai huɗu duk tsawonsu ɗaya, sun zarce jikin da nisa, kuma da ka taɓa sai su zube, to gara ce.

Ita tururuwa, namijinta da ya yi barbara sai ya mutu, macen kaɗai ke shiga ƙasa. Kuma tururuwa ba ta cin itace. Akwai wata babba da kan yi gida a cikin katakon da ya riga ya ruɓe da yoyo, tana fitar da ɓarɓashi waje, amma ita alama ce cewa rufinka na zuba, ba ita ta fara ɓarnar ba. Ɓarnar tururuwa a wurinmu ba ta wuce jan hatsi da dusa. Bugu da ƙari, ita ce babbar abokiyar gabar gara. Masu zuwa kudu sun san wata baƙar tururuwa ƙatuwa mai tafiya a jere kamar sojoji, wadda ba ta da abinci sai gara. A dajin Komowe na ƙasar Kodebuwa, a 2017, masana suka bayyana cewa har waɗanda suka ji rauni a wurin farmaki takan ɗauko ta mayar gida. Wanda ya zuba wa gidan tururuwa guba a bayan katangarsa, ya kori maigadin da ba ya karɓar albashi.

Akwai kuma wani ƙato mai launin ja-ja, mai dogon ciki, da kan zo fitila yana faɗuwa yana tashi, yana lanƙwasa bayansa kamar zai harba. Yaran mota kan tsere masa. Namijin kwarkwasa ne, kuma ba shi da ƙari. Wadda za a ji wa tsoro ita ce rundunar kwarkwasa ta ƙasa, marar fiffike, wadda a ƙasashen kurmi takan shiga akurki ta gama da kaji, ko ta rufe ɗan maraƙin da aka ɗaure ba ya iya gudu. In an sauke dabbobi a zangon kudu da damina, a duba wannan kafin a turke ƙanana.

Abin da ya kamata a yi hattara da shi a daren shinge ba shingen ba ne, masu biyo shi ne. Kwaɗi kan taru a gindin fitila, maciji kuma na bin kwaɗo. Kunama ma takan fito. Yara kuwa ga su nan ba takalmi suna wawa a cikin duhu. Sannan akwai hangara da ire-irenta masu sa fata ta yi bororo, su ma fitila na janyo su. In irin wannan ya sauka maka a wuya, hure shi, kada ka murje.

INA YA FITO? NAN MAGANAR TAKE

Tambayar da ya kamata maigida ya yi idan aka bugo masa waya ba ita ce "suna da yawa?" ba. Tambayar ita ce "daga ina suke fitowa?"

In daga waje suke shigowa, ta taga da ƙofa, suna nufar haske, maƙwabta ma suna fama da su, to baƙin dare ɗaya ne. A kashe fitilar ɗaki na ɗan lokaci, a kunna ɗaya a tsakar gida nesa da ƙofa, a ajiye kwano ko baho da ruwa a ƙarƙashinta. Da kansu za su faɗa. Sa'a ɗaya ko biyu an gama.

Amma in daga cikin ɗaki suke ɓullowa, ta tsagar daɓe, ta gindin bango, ta jikin katakon ƙofa, ko kuwa ka buɗe ɗakin da yake rufe ba fitila ka tarar da fukafukai tsibi a bakin taga ta ciki, to wannan magana ce daban. Mun riga mun ce gida ba ya fitar da shinge sai ya yi shekaru. Ke nan ba zuwa gara ta yi ba, ta daɗe tana zaune a ƙarƙashinka, ma'aikatanta na ci kullum dare da rana, yau ne kawai ta yi bikin aurar da 'ya'ya ka gani. Kashe shingen da ya fito bai rage komai ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ma'aikatan nan ba sa son haske da iska, don haka duk inda za su sai sun gina rufaffiyar hanya ta ƙasa. Ita za ka nema: siririn layin laka da ya hau bango, ko ɓawon ƙasa da ya lulluɓe gindin dirka, buhu ko zana. Ka ɓare kaɗan. In ka ga farare na gudu, ko ka dawo washegari ka tarar an liƙe, to suna nan da ransu. Ka ƙwanƙwasa katako da gindin wuƙa, wanda aka cinye cikinsa yakan yi amo kamar ƙwarya, don gara ciki take ci ta bar maka baya lafiya lau. Mutum na iya kwana shekara ƙarƙashin rufin da fenti kawai ke riƙe da shi.

A nan muna so mu gyara wani kuskure da ke cin kuɗin mutane. Da an ga gara a gida sai a ce a je a fasa surin da ke bayan gari a ciro uwar. Wani lokaci hakan na da amfani, don gara mai suri takan yi hanya a ƙarƙashin ƙasa har kusan mita 50 daga gidanta, saboda haka surin da ke manne da katanga abin dubawa ne. Amma nau'in gara a duniya ya kusa 3,000, kuma da yawa daga masu ɓarna a gidajenmu da gonakinmu ƙanana ne da ba sa gina suri ko kaɗan, gidansu a warwatse yake a cikin ƙasa. A yankunan rairayi na arewa, inda suri ba shi da yawa, akwai wadda ke cin rufin ɗaki da shingen kara ba tare da ka taɓa ganin gidanta ba. Ka biya samari su yini suna sara, su kawo maka uwa a cikin kwano, gara kuma na nan na cin ƙofarka, don ba 'yan gida ɗaya ba ne. Har a surin ma, wani lokaci uwa fiye da ɗaya ce, ko kuma su naɗa wata bayan an cire ta farko.

'Yan'uwanmu masu gidaje da masaukai a bakin teku, irin su Ikko, Kwatano, Ankara da Duwala, su kuma nasu ya ɗan bambanta. Can akwai wata gara da ba ta bukatar ƙasa, a cikin busasshen katako take zama, gado ko kujera ko katakon silin. Ita shingenta na iya shiga tsagar katako kai tsaye ya kafa gida, don haka a can ba a cewa baƙon dare ɗaya ne a yi barci. Alamarta ba laka ba ce, wasu 'yan ƙwayoyi ne masu tauri, ba su kai riɗi ba, da ke zubowa ta ƙaramin huji su taru a ƙasa. In gari ne mai laushi kamar fulawa ke zuba, wannan wani ƙwaro ne mai huda itace, ba gara ba. Masu sayo tsofaffin gadaje da kujeru su ɗoro a motar da ta sauke shanu, a duba da kyau kafin a shigar ɗakin amarya.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI A SANA'ARMU

Gara ba ta cin saniya, amma kusan duk abin da ke kewaye da saniya abincinta ne. Harawa da karan dawa da aka tara don kiwon turke, in aka jibge su a ƙasa, ƙasan tarin na gara ne. Buhun dusa da na angurya da aka jingina da bango, haka. Turaku da dirkokin rumfa, igiyar rama, katakon da ake shimfiɗawa a mota in ya daɗe a ajiye, duk ba ta bari.

Sai kuma takarda, wadda ita ce ta fi ba mu tsoro. Mu mutane ne da dukiyarmu ke yawo a kan amana da 'yar takarda: littafin bashi, rasit na kara, takardar likitan dabbobi, takardun duwan, takardar fili. Kuɗin ma kansu, manyan takardun naira da jaka goma ta sefa, da zaren auduga ake yinsu, gara kuwa ba ta san darajar kuɗi ba. Kada wani ya ce ai nasa a akwatin ƙarfe suke. A 2011, a wani banki a ƙasar Indiya, gara ta shiga har cikin ma'ajiyar ƙarfe ta cinye kuɗi rufi miliyan 10. Tsaga kaɗan take nema. Akwatin da ke zaune a kan daɓe, manne da bango, shekara ba a motsa shi ba, gayyata ce.

Maganin wannan iyayenmu sun riga mu saninsa. Dubi yadda suke ɗora rumbu a kan duwatsu. Ba don ado ba ne, don a raba shi da ƙasa ne, a kuma iya leƙa ƙarƙashi a ga hanyar gara tun tana farawa. Haka za mu yi wa kayanmu. Harawa a kan rumfa ko reshen itace. Buhuna a kan dandamali, a bar tazarar da mutum zai bi tsakaninsu da bango. Akwatin takardu a kan tebur mai ƙafar ƙarfe, takardun kuma a cikin gwangwani ko bokitin roba mai murfi, a riƙa buɗewa duk wata. Yanzu da kusan kowa ke da waya mai ɗaukar hoto, a sa yaro ya ɗauki kowane shafi na littafin bashi. Ba ya cin ko sisi.

Na biyu shi ne ruwa. Gara na bin laima kamar yadda dillali ke bin baƙo. Gindin randa, wurin alwala, indararon da ke zuba a gindin bango, famfo mai ɗiga, makwararar da ta toshe, nan take fara zama, nan ne kuma waɗancan biyu-biyun da suka tsira daga kaji za su sami wurin haƙa. Haka kututturen itacen da aka sare aka bari a tsakar gida, da guntayen katakon da magina ke binnewa a cikin cikon ɗaki. Tarin taki da shara ma a janye shi daga jikin katanga.

Na uku, zaɓen itace. Azarar giginya da ta ƙosa ba a banza ta yi suna ba, mutanen Gaya da ke zaune kusa da dajin giginya na Dallol Mauri za su ba da shaida. Ƙirya ma haka, turken ƙirya kan ga jikoki. Farin katako mai araha kuwa tuwon gara ne. Inda hali ya samu, dirkar rumfar kara a yi ta ƙarfe, ko a ɗora ta katako a kan dutse ko siminti yadda ba za ta taɓa ƙasa ba. Mun san da yawanmu na shafa baƙin mai a gindin turke. Yakan jinkirta ta, ba ya hana ta har abada, kuma kada a yi shi kusa da rijiya ko inda dabba za ta lasa.

MAGANAR GUBA

Yanzu mu koma kan ɗan'uwanmu na farko, don a ganinmu nan haɗarin gaske yake. Ana gudun gara a faɗa gidan zago.

Shinge abinci ne. Yara na tara shi, mata na soyawa da ɗan gishiri ba tare da an sa mai ba don kitsensa ya isa, a wasu kasuwanni har awo ake yi. Batun hukuncin cinsa mun bar wa malamai, kowa ya tambayi nasa. Abin da ya shafe mu shi ne, ko kai ba ka ci, yaron maƙwabcinka na ci, kajinka da zabinka na ci. A Burkina Faso da arewacin Gana har tarkon gara manoma ke yi, su cika tukunya da busasshen kashin shanu da kara, su yayyafa ruwa su kife, da safe su juye wa 'yan tsaki da 'yan zabi. To wanda ya fesa guba a kan shinge, ya zuba guba ne a cikin abincin unguwa.

Piya-piya da Sniper sinadari ɗaya ne a cikinsu, mai shiga jiki ta numfashi da ta fata. Saboda yawan mutuwar da ake samu ne hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta hana sayar da Sniper a kasuwanni barkatai a 2019. Gamalin da dattawanmu suka saba da shi a da, an sa sinadarinsa cikin waɗanda duniya ta yi yarjejeniyar dainawa a 2009, aldirin da dildirin kuwa tun yarjejeniyar Istokholm ta 2001, don sukan daɗe a ƙasa, su taru a kitsen dabba da nono. Duk wanda ya kawo maka su a kwalbar da ba takarda, ka bar masa kayansa. Ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake kuwa, iskar da take fitarwa ta sha kashe iyali guda a ɗakin kwana, kada a kusantar da ita inda mutum ko dabba ke kwana. Maganin kaska na shanu shi ma na kaska ne, ba na bango ba. Mun ga masu zuba shi a gindin rumbun dusa, sannan su ɗebi dusar su ba bijimin da za a yanka bayan mako biyu.

In gara ta riga ta kama gini har ana bukatar magani, to ba feshin iska ake yi ba. A ƙasa ake zuba shi, a gindin bango da ƙarƙashin daɓe, da awo, kuma aikin wanda ya koya ne. A nemi malamin gona ko ma'aikacin kare tsirrai na yankin. A Nijar da Cadi da Burkina a tambaya ko maganin na cikin waɗanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, mai zama a Bamako, ya amince da su. A Nijeriya a duba lambar NAFDAC. A kwashe abincin dabbobi da randuna kafin a fara, a tsare kaji da zabi, kada kuma a yi kusa da rijiya. Mafi sauƙi da araha shi ne a yi wannan tun ana gini, kafin a zuba daɓe.

Kada kuma mu manta gara ba a gidanmu kaɗai take aiki ba. A daji ita ce ke kwashe kashin shanu da busasshiyar ciyawa da rani ta shigar ƙasa. Gaskiya ne akwai irin da ke gina ƙananan jiɓa a makiyaya tana yankar ciyawa, har ta yi gasa da dabbobi a shekarar fari. Amma wanda ya bi ta Badagishiri da Illela ta jihar Tawa ya ga gonakin tassa, inda tun ƙarshen shekarun 1980 manoma ke haƙa 'yan ramuka a feƙon da ya mutu su zuba taki. Takin ke kiran gara, gara ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga, gero ya fito inda da ko ƙaya ba ta fita. Marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, da irin wannan dabara ya mayar da fako daji har duniya ta san shi. Karan geron nan kuwa a bakin shanunmu yake ƙarewa.

Wanda ya ga fukafukai a ɗaki bai tabbata ko na gara ne ko na tururuwa ba, ya kama biyu ko uku da jikinsu, ba fiffike kaɗai ba, ya sa a kwalin ashana, ya kuma lura da wurin da ya same su da lokacin. Ya zo da su rumfar ƙungiya ranar kasuwa, a duba tare, in ta kama a kai wa malamin gona sai a kai.